Tumbin Tanimu da Sabon Inji

Duk Sharaɗa babu wanda bai san Tanimu Sifana ba. Shekara ashirin da biyu yana wata masana'antar roba, inda ake buga buta da bokiti, kuma a faɗarsa babu injin da ya taɓa yi masa gardama. Inji ya tsaya, sai ya kara kunne, ya ba shi sifana a haƙarƙari, ƙwal, ƙwal, ya tashi. Allah kuma ya hore masa tumbi, irin wanda yake riga mai shi shiga ɗaki.

Ana nan sai masu kamfani suka kawo sabon inji mai kwamfuta. Ba a murɗa komai, allo ne kamar na waya, latsawa ake. Aka ɗauko wata Injiniya Saratu ta koyar da ma'aikata, Manaja ya ce bayan wata guda wanda ya fi iya injin shi za a ba shugabancin layin, wato sashen da injin yake. Kujerar da tuni Tanimu ya gaya wa matarsa da 'yan majalisarsu cewa tasa ce.

Ajin kuwa ko leƙawa bai yi ba. Wai yarinyar da ya kama aiki tana goye ita za ta nuna masa inji? Baba Mati, tsohon da yake zuba garin roba, shi ne ya sayi tabarau na bakin titi, kullum yana layin gaba da ɗan littafinsa.

"Baba," in ji Tanimu, "in an gama firamaren a sanar da mu, mu zo walima."

Ranar da aka kunna injin, gogan ya matsa zai leƙa. Ƙiiit, inji ya tsaya cak, jar wuta ta kama. Ya yi tsalle baya. Jim kaɗan sai ya ji diiir, inji ya tashi da kansa. Ya sake matsawa, inji ya sake tsayawa. Ashe wani siririn haske ne a gaban injin, duk abin da ya gitta sai ya tsaya don kada ya cinye hannun mutum. Shi kuwa Tanimu ba sai ya ɗaga hannu ba, tumbi ya isar.

Nan dabara ta faɗo masa. Kullum sai ya zo wucewa, hannu a baya kamar mai duba gona, ya ɗan turo ciki. Inji ya tsaya. Sai ya girgiza kai, ya ja baya, ya kara kunne, ya ba ƙafar injin sifana, ƙwal, ƙwal. Inji ya tashi.

"Kun gani? Ƙarfe ƙarfe ne, ko daga ina aka kawo shi. Hannu ya sani."

Ma'aikata su yi ta tafi, wasu har da riƙe ciki. Shi a zatonsa mamaki ne ya kama su. Labari ya kai ofis cewa ba don Tanimu ba da sabon inji ya zama gunki.

Ranar yanke hukunci Manaja ya sauko da kansa, Saratu na bayansa. Tanimu ya sha guga, ya goge sifana tana ƙyalli. Ya gitta, ya turo. Ƙiiit.

"Ranka ya daɗe, ka ga halinsa ke nan. A ba ni wuri."

Ƙwal, ƙwal. Shiru.

Ƙwal, ƙwal, ƙwal. Ko tari injin bai yi ba. Bai san cewa da safiyar nan Saratu ta sauya tsari ba: in ya tsaya, sai an latsa allo zai tashi. Gumi ya keto masa. Ya zagaya baya ya buga, ya durƙusa ya buga, ya ce wutar ce ba ta kawo da ƙarfi ba, ya ce garin robar ne ya ji ruwa.

Baba Mati ya ciro tabarau, ya hura, ya goge da bakin riga. Ya karanta allon a hankali yana motsa leɓe, ya sa ɗan yatsa ɗaya. Diiir.

Manaja ya tambayi abin da yake damun injin tun farko. Saratu cikin ladabi ta ce lafiyarsa ƙalau, kuma shi ba ya mantuwa, komai yana rubutawa. Sau sittin da uku ya tsaya a wata guda, ban da kwana biyun da Malam Tanimu ya tafi biki Wudil. Ta ce duk tsayawa kuma yana ɗaukar hoton abin da ya gitta. Ta latsa.

Hoto ya cika allo. Babu fuska, babu hannu. Tumbi ne kawai, maɓalli ɗaya a ɓalle. Ta latsa, wani tumbin, a shuɗiyar riga. Ta latsa, ga shi nan ranar Juma'a cikin shadda.

Dariyar da aka yi wata guda ana dannewa ta fashe, har mai gadi ya baro ƙofa. Ashe duk wanda ya shiga aji ya san hasken nan tun darasin farko, sun dai ƙi ɓata wasan kyauta ne.

A take Manaja ya ba Baba Mati layin. Tsohon ya ninke tabarau, ya dafa kafaɗar Tanimu.

"Firamare ƙarfe takwas ake shiga, Tanimu. Ka zo da tumbin, a sa shi layin gaba. Shi ya riga ka gane injin."