Furannin Tarbar Baba

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da surukina ya fara taka ƙofar gidanmu a Bodinga ba, kuma ku yarda da ni, na yi ƙoƙarin mantawar. Shekara huɗu ke nan, amma har yau in abin ya faɗo mini a rai ina wanke-wanke, sai in ajiye kwano in rufe fuska, ni kaɗai a kicin.

Bari in faɗa muku ko ni wace ce, don ku san inda wautar ta samo asali. A Kaduna aka haife ni, a gidan bene na tashi, hawa na biyu. Gero a kwano na san shi, dawa kuma a buhu. Aure ne ya kawo ni Bodinga, inda nake koyarwa a wata firamare. Maigidana, wanda nake kira Malam, shi ma malamin makaranta ne, ɗan wani ƙauye kusa da Dandin Mahe a ƙasar Shagari. Mahaifinsa, Baba, manomi ne tun tasowarsa. Bai hana aurenmu ba, amma bai yi murna da shi ba. Ƙanwar Malam ce ta tsegunta mini abin da ya ce lokacin: "'Yar birni ta, ba ta zama." Shekara biyu ina zuwa gaishe shi, in durƙusa har ƙasa, ya amsa da "lahiya lau" yana kallon wani wuri, shi ke nan. Abin yana ci mini rai fiye da yadda nake nunawa. So nake tsohon nan ya karɓe ni, ko da da kalma ɗaya ce.

To, sai muka tare a namu gidan da muka gina a bakin gari. Ƙarshen damina ne, Malam ya tafi ƙauye taya su girbin gero. Ranar Talata ya bugo mini waya ya ce Baba zai biyo shi ranar Asabar, tare da Inna, surukata, su ga gida su sa albarka.

Daga nan na kasa zaune na kasa tsaye. Na share gidan, na goge, na sake sharewa. Na sauya wa kujeru wuri har sau uku, suka koma inda suke tun farko. Amma duk lokacin da na leƙa harabar da ke tsakanin get da ƙofar falo, sai gabana ya faɗi. Fili ne fayau, yashi da guntayen bulo, kamar wurin da aka tashi kasuwa. Nan ne kuma idon Baba zai fara sauka.

Dama na daɗe ina kallon bidiyon lambunan fulawa a waya (irin gidajen nan da ba a taɓa ganin akuya a unguwarsu ba). Na ɗauko takarda na zana tsari: hanya a tsakiya, duwatsu masu farin fenti a gefenta, gadon furanni dama da hagu, gajeru a gaba, dogaye a baya. Tsari ya yi kyau. Furannin ne babu. Waɗanda na sayo a Sakkwato wata guda kafin nan duk sun mutu, don na kashe su da yawan ban ruwa. Saura kwana huɗu.

Ranar Laraba na hau Keke Napep zuwa Sifawa, barkar wata abokiyar aikina da ta haihu. Muna cikin tafiya sai na hango wata gonar dawa a gefen hanya, ƙasanta cike da furanni ruwan hoda mai duhu, jere a kan siraran karare masu kai gwiwa, iska na kaɗa su. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka a ƙasar nan ba. Na ce wa mai keke ya tsaya. Na lura dawar gajeriya ce, ganyenta ya yi rawaya, amma na ce a raina wataƙila irinta ke nan.

Mai gonar na ciki, wani dattijo da fartanya a kafaɗa. Na gaishe shi, na ce, "Baba, furannin nan na sayarwa ne?"

Ya waiga hagu da dama. "Waɗanne?"

Na nuna.

"Wanga? Shi kike so? Mi za ki yi da shi, Hajiya, magani?"

"A'a, ado zan yi a gida. Baƙi zan yi."

Dattijon ya kalli mai keke. Mai keke ya kalli sama. Can sai dattijon ya ce, "Ɗebi. Ɗebi duka in kina iyawa. Gonar ƙanena ma na nan gaba, ta hi wagga."

Har buhu biyu ya kawo mini. Na miƙa masa abin goro ya ƙi karɓa, ya bi ni har bakin titi yana sa mini albarka. Na shiga keke ina cewa a raina, kai, mutanen Sakkwato akwai kyauta. (Mai keken nan, duk inda yake, ban yafe masa shirunsa ba. Tun daga Sifawa har gida kafaɗunsa na rawa, na zaci gargadar hanya ce.)

Na dasa su da yammar nan. Kafin azahar ɗin Alhamis duk sun langaɓe. Hankalina ya tashi, a aji ma ban san abin da na koyar ba. Ranar Juma'a da aka tashi makaranta na koma gonar da ƙaramar fartanya. Da na tona sai na ga saiwarsu manne take da saiwar dawa, na ce ashe sirrin ke nan, na riƙa haƙo su da ƙasarsu da guntun saiwar. Buhu uku na cika, hannuna duk ya yi kanta. Ban tsaya nan ba. Na ga wasu sun bushe sun yi 'ya'ya, na murje su a tafin hannu, wani baƙin gari mai laushi kamar kwalli ya fito. Na ƙulle shi a takarda. Da na koma gida na saka ƙullin a jakar tsarabar da na haɗa wa Inna, tsakanin atamfa da turare, don su ma su ƙawata ƙofar gidansu a ƙauye.

Asabar tun bayan sallar asuba nake yayyafa musu ruwa, ina tallafe masu son kwanciya da tsinke. Kuma gaskiya zan faɗa, wurin ya yi kyau. Hoto na ɗauka ya fi ashirin. Na ɗora tuwo, na dama fura, na sauya mayafi sau biyu, na leƙa get ya fi a ƙirga. 

Wajen ƙarfe sha ɗaya na ji tsayuwar mota. Malam ne ya turo get, ya yi taku biyu, ya tsaya cak da jaka a hannu. Baba na bayansa cikin farar riga, sai Inna. Na ji Inna ta yi salati a hankali, na ɗauka kyan wurin ne ya kama ta.

Na durƙusa. "Sannunku da zuwa, Baba. Kun sha hanya."

 Baba ya bi hanyar da na jera wa duwatsu, ya sunkuya, ya daɗe yana duba furannin. Sannan ya ce wa ɗansa, "Ummaru, wa yash shuka wanga?"

Ni kuwa don kada yabon ya tafi wurin wanda bai sha wahala ba, na yi caraf na ce, "Ni ce, Baba. Don ku na shuka."

"Don ni," in ji Baba.

Malam ya matso kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Ƙuduji ne. Wuta-wuta."

Na san sunan. Abin da ya fi kashe ni ke nan. Ni da kaina na koyar da shi a aji biyar, darasin noma: muguwar ciyawa mai manne wa saiwar dawa da gero ta tsotse su har su mutu. Na rubuta a allo, na yi jarrabawa a kai, har na ba wasu yara sifili. Littafin dai babu hoto, kuma ba wanda ya taɓa ce mini abin yana da kyau.

Baba ya miƙe. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce, "Shekara bakwai ina yaƙi da abinga a gonar ubana. Yac ci ta, dole nib bar ta. Yau na taho gidan ɗana, an tarbe ni da shi, har an yi mashi jeren duwatsu."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ina durƙushe, ina jin ƙaurin miyata daga kicin amma ban iya motsi ba.

Baba ya naɗe hannun rigarsa ya fara tuge furannin ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai ɗaukar garwashi. Ya ce wa Malam ya kawo buhu da ashana. "Kuma kada ka kakkaɓe. Irin da ka iya maƙalewa a farce guda ya isa shi lalata gona, kuma shina kwance cikin ƙasa shekara da shekaru shina jira." Inna ta taɓa kafaɗata ta ce, "Tashi ɗiyata, kama mu cire."

Ina cirewa ina haɗiye kuka, sai ƙullin nan ya faɗo mini a rai.

Yana ɗaki, cikin jakar Inna. Ba wanda ya sani. Na ce zan duba miya, na shige, na zaro shi, na tsaya da shi a hannu ina zagaye ɗaki. In jefa a kwandon shara? Sharar unguwarmu bola take zuwa, bolar kuma manoma ke kwashewa su kai gona taki. In zuba a makwarara? Ruwan bayan gidanmu gonar maƙwabci yake gangarawa. In ɓoye har su tafi? To in yi yaya da shi bayan nan, ni da na riga na nuna iyakar sanina? Na buɗe murhu na rufe, don ban san ko hayaƙi ma yana ɗaukar irin ba. Sau biyu na kai bakin ƙofa na dawo. A na uku na fita.

Na durƙusa gaban Baba na miƙa masa da hannu biyu.

"Wanga kuma mi na?"

"Irinsa ne, Baba."

Ya buɗe a hankali, ya duba, ya mayar ya rufe. "Na wa?"

"Tsarabar Inna ce." Na sunkuyar da kai na ƙarasa. "Don ku shuka a gida."

 Sai na ga Inna ta ja mayafi ta toshe baki, jikinta na girgiza. Malam ya juya ya fuskanci katanga kamar yana duba filasta. Baba ya yi ta maza na ɗan lokaci, gemunsa na motsi, can dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta har ya zauna a kan bulo yana share ido da gefen riga. Ranar na fara sanin yana da wushirya.

Da ya lafa ya ce, "Buhu nawa kinka ciro?"

"Biyar, da na ranar Laraba."

"Da hannunki?"

Na buɗe tafin hannuna ya ga kantar. Ya juya ga ɗansa. "Ummaru, kai da ƙannenka duka, kun taɓa cire mani buhu biyar?" Malam dai har yanzu filasta yake dubawa.

Muka tara komai a tsakiyar fili, Baba ya ɗora ƙullin a sama da hannunsa, ya kyasta ashana. Muna tsaye har ya zama toka. Ya hana a shuka dawa ko gero ko masara a harabar, ko da wasa. Sannan ya wanke hannu, ya shiga falo, ya ci tuwo da miyar da ta kama, bai ce uffan a kanta ba, ya sha fura, ya yi wa gidan doguwar addu'a.

Da za su tafi na raka su bakin mota. Baba ya sa ƙafa ɗaya ciki, ya tsaya, ya dube ni ido da ido. Ya ce, "Kin yi wauta, babba. Amma ke kinka hiddo ta da kanki, ba wanda yat tambaye ki. Wanga ya ishe ni." Na koma ciki na yi kukan da nake ta haɗiyewa, wannan karon na daɗi.

Bayan mako biyu ya aiko Malam da dashen lalle naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, da saƙo: "Ka ce mata wanga ma shina hure, kuma ba shi kashe kowa." Yanzu lallen ya kai kafaɗata, in ya yi fure ƙamshinsa har titi. Labarin kuwa ya riga ni isa ƙauye. Har gobe in na je biki sai wata tsohuwa ta riƙo hannuna ta tambaye ni, da fuskar tausayi, ko ina bukatar furanni, akwai a gonarsu.

Abin da na koya bai da yawa. A garin manoma, idon 'yar birni ba shi ke yanke hukuncin abin da ke da kyau ba. Yanzu ko ganye na gani ya burge ni, hoto nake ɗauka in ba Malam ya nuna wa Baba kafin in kai hannu. Mafi yawan lokuta amsar da ke dawowa gajeriya ce: "Ka ce ɗiyata kada ta taɓa."