Jiƙaƙƙen Buhu a Injin Moto

Duk tausayi ne ya ja mini. Moton maigidana, wato babur ɗinsa, yakan yi zafi har ya gasa masa ƙwauri in ya ɗauko albasa daga lambu. Makanike ya ce sai an daidaita karbirato an sake salansa, amma kayan sai an aiko daga Madawa.

Na ce jiran me? Ni da na yi koleji, na san abin da ke sanyaya bidon ruwa, wato jarka: jiƙaƙƙen buhun algarara. Ranar kasuwar Tama na jiƙa buhu sharkaf, na naɗe injin tsaf, na ɗaure da igiya, har da bisimilla.

Maigida ya fito, ya tsaya cak. "Maman Hadiza, wanga kuma mi na na?"

"Ilimi ke nan, Malam. Ruwan sanyin da kaka sha, makanike ka sanyaya shi?"

Bawan Allah ba ya son gardama. Ya hau.

Kafin rabin hanya buhun ya bushe, ya toshe iska, ya fara hayaƙi, ya kama da wuta. Masu amalanke suka bi shi da ihu, da ƙasa aka kashe wutar. Ya dawo yana turo moto, ƙafar wando a babbake, albasa ba ta ga kasuwa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Alhamdu lillahi, bidonki ya dahu."

Har yau in moto ya shigo gidanmu, sai ƙaninsa ya leƙo madafa: "Matar Yaya, ga baƙo ya sha rana. A ɗaura mishi zane?"