Alif a Batirin Motar Amarya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗura wa batirin motata ruwan alif ba. A Libreville ta ƙasar Gabon ne, lokacin da arzikin mai ya buɗe, har ni mai tireda a unguwar Akébé na sayi tsohuwar fijo. Abokina Sale zai yi aure, na buga ƙirji na ce ni zan ɗauko amarya, kada a nemi taksi.

Ranar kai amarya da hantsi na faka a ƙofar gidansu, batir ya ce ga garinku. Ban damu ba. A Duwala na taɓa ganin wani gwani ya zubar da ruwan tsohon batir, ya jiƙa alif, wannan da ake tace ruwa da shi, ya ɗura, batirin ya farfaɗo. (Abin da ban tsaya na gani ba, sai da ya sa shi a caji tukuna. Ni na zaci alif ɗin ne wutar.)

Na je wajen Goggo Dije, yayar uban amarya, 'yar garin Garwa ta Kamaru, na roƙi alif ɗin da take tace ruwan biki.

"Ɗana, motar ce ke jin ƙishirwa?"

"Ilimin tafiya ne, Goggo."

Na ɗura a gaban jama'a, har ina yi musu bayani. La'asar ta yi, aka sa amarya a mota, na murɗa makulli. Tsit. Na sake. Ko tari ba ta yi ba. Dangin ango suka fara kallon juna, gumi ya jiƙa mini babbar riga.

Sai Goggo ta ɗaure gyale a ƙugu, ta rangaɗa guɗa.

"Kai direba, wa ya ce ka tayar? Mu a gidanmu ba a fita da 'ya a guje. Da hannunmu muke kai ta. Mata, ku taso!"

Haka suka tura mu har gidan Sale suna waƙa, ni ina riƙe da sitiyari kamar mutumin kirki. Mutanen gari suna ta tafi. Wani ma ya ce al'adar ta burge shi.

Da muka isa Goggo ta leƙo ta taga, ta ce a hankali, "Gobe ka dawo mini da alif ɗina, mai ilimin tafiya."

Na zaga ƙasashe, ban ga mai saurin rufa asiri irinta ba. Tun daga ranar, in na ga gwani yana aiki, sai ya wanke hannu nake tashi.