Kunya Biyu a Gonar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na je gayya gonar surukina a Ƙofa ba, shekaru kaɗan kafin Turawa su tafi. A lokacin ina neman auren Hajara, kuma shekarata uku ina aikin malanta a Kiru, ban taɓa fartanya ba. Aikin nawa zama ne a tabarma da alƙalami. Da safe fura da nono, da rana tuwo yana iyo cikin man shanu, da la'asar tsire. Ko masallaci a keke nake zuwa. Na ajiye teɓa, wuyana ya yi ninki uku, kowa na cewa Allah ya buɗa mini (ni ma, don wauta, haka na ɗauka).

Akwai dai abin da nake ɓoyewa. In na hau ɗan tudu sai ƙirjina ya ɗaure. Kawuna ma mai irin jikin nan ne, yana cikin alwala ya kife, bai ƙara tashi ba. In na tuna sai gabana ya faɗi, sai in kore tunanin da wata ƙwaryar fura.

Ranar gayyar huɗa ce. Muka jeru mu wajen ashirin, kowa da garmarsa da kunyarsa, wato layin da zai huɗe har ƙarshen gona. Mahaifin Hajara, tsoho siriri kamar karan dawa, ya tsaya kusa da ni.

Ya ce, "Malam, ko za ka zauna a inuwa? An daɗe ba a yi ba."

Na ce, "Haba Baba, ai ƙarfin yana nan."

Mai gangar noma ya hango ni, ya shiga wasa ni, wai ga giwa ta shigo gona. Kaina ya kumbura. Na duƙa na kama sara kamar mai faɗa da ƙasa, har na wuce kowa.

Ban kai rabin kunyar ba na ji kamar an ɗora mini dutsen niƙa a ƙirji. Hannuna na hagu ya yi sanyi. Na so tsayawa, amma ga 'yan mata sun kawo kunu bakin gona, Hajara na cikinsu. Na ƙara sara biyu. Numfashi ya ƙi zuwa. Wallahi na tsorata, na ce yau na bi kawu. Sai gonar ta juya, na kife.

Da na farfaɗo, an tuɓe mini riga, tumbina a waje duk taɓo, kaina a kan cinyar wani yana yi mini fifita da malafa. Na ɗaga ido, ashe surukina ne, mutumin da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Na mai da ido na rufe (na so a ce suman bai ƙare ba).

Mutum huɗu suka kasa ɗaukata, sai da aka kawo jaki aka kai ni asibiti. Malamin ɗakin shan magani ya saurari ƙirjina, ya ce kitse ne ya matse zuciyar, in ban rage maiƙo na koma tafiya da ƙafa ba, in fara sallama da mutane.

Bayan mako guda na je gaida Baba, na durƙusa ina jiran a ce an fasa auren.

Ya ce, "Ɗana, ba zan ba da 'yata ta je ta yi takaba ba. Ka bar rabin kunya a gonata. Ranar da ka huɗe guda cikakkiya ba ka faɗi ba, a ɗaura."

Na jingine keke, na yi ban kwana da man shanu, na koma ina ɗan noma a bayan gidanmu. Sai da damina ta zagayo na gama kunyar gona, aka ɗaura. Ɗaya kunyar kuwa har yau ban gama ta ba, don jikokina ma sun san labarin giwar da aka kai asibiti a kan jaki. Tun daga nan, in aka ce mini na yi ƙiba, ba na cewa na gode.