Yadda Za Ka Mai Da Mutanen Gari Kaf Jikokin Mutum Guda

Mai-Gilashi mayaudari ne, kuma raggo. Ya karɓi aikin da bai iya ba, ya zauna kan kujera mai juyawa yana kaɗa ƙafa, har ya ƙulla wa mutanen gari zumuncin da Allah bai ƙulla ba. Idan kai ma abin da kake so ke nan, ga hanya. Ka bi ta daki-daki. Na yi maka alkawari, inda ta kai shi, nan za ta kai ka.

1. Ka san aikin, don ka san abin da za ka guje wa

Kamfanin da yake aiki yana da manhajar adana zuri'a. Bayanan mutane suna cikin rumbun kwamfuta a tebur-tebur: na sunaye daban, na aure daban, na haihuwa daban, kowa da lambarsa. Masu tambaya kuwa ba da tebur suke tambaya ba, da sarƙa suke yi: wane ya haifi wane, shi kuma ya auri wance. Aikin Mai-Gilashi shi ne ya rubuta tafintan da zai karɓi tambayar sarƙa ya mai da ita yaren tebur, ya ɗinke wannan tebur da wancan a daidai inda lamba ta zo ɗaya.

Mai tsoron Allah zai ce bai iya ba, a koya masa. Kai kada ka kuskura. An ce tambaya rabin ilimi ce, to me za ka yi da rabi?

2. Ka amsa kafin a gama bayani

Oga, mai kamfanin, bai rufe baki ba Mai-Gilashi ya gyara gilashinsa.

"Ranka ya daɗe, wannan ai ko ina barci."

Kuma ya cika alkawari, don da barcin ya yi mafi yawan aikin.

3. Ka mallaki farin allo

Ka cika shi da zagaye da kibiyoyi, wannan na nuna wancan, wancan na nuna ƙofa. Wanda yake tsaye gaban allo yana cizon alƙalami ba a tambayarsa ina aiki.

Akwai wadda aikinta ta gwada duk abin da aka rubuta kafin ya fita, ana ce mata Anti Gwaji. Irin waɗannan su ne abokan gabarka.

"Malam, yaushe za ka ba ni tafintan nan in duba?"

"Anti, ba a gaggauta tafinta. Yanzu yana matakin fahimtar juna."

"Tsakanin wa da wa?"

"Tsakaninsa da kansa."

Ta yi tsaki ta koma kujerarta. Tsaki ba ya kisa. Ka ci gaba da zane.

4. Idan kwamfuta ta yi gardama, ka cire abin da take gardama a kai

Da ya ga uwar bari, lokaci ya ƙure, ya harhaɗa wani abu. Ya tambaye shi 'ya'yan wane, allon kwamfuta ya fito fayau, ko suna ɗaya babu. Matsalar tana layin nan da ke cewa sai lamba ta zo ɗaya za a ɗinke tebur da tebur, don a karkace ya rubuta shi. Gyara yana buƙatar tunani. Sai ya goge layin.

Nan take amsa ta ɓarke kamar famfo ya fashe. Dalili kuwa, idan babu wannan layi, kwamfuta ɗaukar kowane suna take yi a teburin farko ta manna shi da kowane suna a na biyu. Kowa uban kowa, kowa ɗan kowa. Kada wannan ya dame ka. Amsar gaskiya ba ta cika allo.

5. Ka gwada a inda ba za ka faɗi ba

Ya buɗe sabon rumbu, ya sa uba ɗaya da ɗa ɗaya. Ya tambayi tafinta wane ne ɗan wannan uba. Tafinta ya duba hagu ya duba dama, bai ga kowa ba sai ɗan, ya kawo shi.

"Ɗari bisa ɗari, ranka ya daɗe. Kada ma a wahalar da Anti."

6. Ka fara da wadda ba a yi wa kuskure

Surukar Oga tana so ta tara jikokin marigayi mijinta, a raba musu shagunan da ya bari. Oga, wanda tun da ya auri 'yarta bai taɓa burge ta ba, ya ga dama ta samu. Ya kawo ta ofis da kansa, ya share mata kujera da hannun rigarsa.

"A kira mini jikokinsa," in ji Hajiya. "Su kaɗai. Ban da 'yan cin arziki."

Mai-Gilashi ya danna. Manhajar kuwa duk sunan da ta samo, take take tura wa mai sunan saƙo a waya. Sunaye suka fara gudu.

Hajiya ta matso da fuskarta. "Wannan ba mai gyaran famfonmu ba ne?"

"Hajiya, zumunci zurfi gare shi."

"Ga sunana kuma. Ni jikar mijina ce?"

"Kwamfuta ba ta ƙarya, Hajiya. Wataƙila ba a faɗa miki ba ne."

Wayar Oga ta yi ƙara a aljihunsa. Ya duba. Ana yi masa ta'aziyyar kakansa, ana gayyatarsa rabon shago, shi da matarsa a matsayin wa da ƙanwa.

7. Idan suka zo, ka tsaya kan bakanka

Washegari titin gidan Hajiya ba masaka tsinke. Wani ƙato yana birgima a bakin ƙofa yana kuka: "Allah sarki Kaka! Shi ya sa duk na wuce shagon nan nake jin sa a jinina!" Wani tsoho da ya girmi marigayin nesa ba kusa ba ya dogara sanda ya zo, wai shi ne babban jika, a fara da shi. Mai gyaran famfo ya riga ya auna shagon da ke kan kwanar titi da igiya. Jikokin gaskiya suna can ƙarshen layi, ana ce musu su bi doka.

Hajiya ta leƙo ta taga ta dubi Oga.

"Ɗan nan, da ma na san ba za ka tsinana mini komai ba. Ban dai zaci za ka haifa mini gari guda ba."

Oga, idonsa jajur, ya juya ga Mai-Gilashi da ke raɓe a bayansa.

"Ranka ya daɗe, matsalar sabis ce."

Ka haddace wannan jumla. Ba ta taɓa ceton kowa ba, amma tana ba ka lokacin duba inda ƙofa take.

Ni dai hanya na nuna. Idan ka bi ta aka fasa maka baki, ko aka raba aure a kanka, kada ka zo ƙofata, ban san ka ba, ban san wanda ya haife ka ba.

Shi kuwa Mai-Gilashi ba a kore shi ba. An karɓe kujerar da kwamfutar, an tura shi gida-gida a ƙafa, yana sallama yana shaida wa kowa cewa ba shi da kaka, ba shi da shago. Gilashin ya fashe tun a gidan farko. Bai gama unguwa ɗaya ba tukuna.