Taya Huɗu a Ƙofar Masallaci

Masana tarihi suna cewa wayewar ɗan Adam ta fara ne ranar da ya gane abu mai zagaye ya fi mai kusurwa saurin tafiya. Ban isa in musa ba, domin tawa wayewar ma a kan taya ta fara, a birnin Landan, wata ranar Juma'a da ba zan taɓa mantawa da ita ba. Ko na yi niyyar mantawa, akwai waɗanda suka ɗauki alkawarin ba za su bar ni ba.

A shekarun nan ne da kuɗin man fetur ya fara zuba a gida kamar ruwan Agusta. Duk jirgin da zai tashi daga Landan zuwa Kano sai ka rantse ƙaura ake yi. Wannan da firji, wancan da keken ɗinki, har na taɓa ganin wani bawan Allah yana gardama a kan kwamin wanka. Ni kuwa gwamnatin jiharmu ce ta turo ni karatun ilmin harshe, ina zaune a wani ɗan ɗaki a Stratford, ina rubuta kundi a kan sautukan Hausa. (Riƙe wannan, mai karatu, zai yi maka amfani nan gaba. Aikina kullum shi ne in nuna wa Turawa bambancin "da" da "ɗa", da yadda tsawon wasali kaɗai ke raba kalma da 'yar'uwarta.)

Akwai kuma Balaraba. Tana koyon aikin jinya, tana zaune wurin gwaggonta a Catford. Ni da ita mun gama magana, saura mahaifinta, wani Alhaji mai cinikin auduga a Funtuwa, wanda ban taɓa gani ba, amma ra'ayinsa game da irina ya riga ya iso ni.

"Baba ya ce ɗan boko rediyo ne," in ji Balaraba. "Magana ba ta ƙare masa, amma ba ka iya aikensa ko bakin ƙofa. Na gaya masa kai daban ne. Ya ce to, zai aike ka ya gani."

Na ce ko ƙasan teku ne ya aike ni.

"Ni dai kada ka ba ni kunya," ta ce.

Ran wata Lahadi da hantsi sai tsohuwar Baturiyar da nake haya a gidanta ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, ta ce ana nemana a waya daga Afirka. A lokacin kiran waya daga gida sai an yi booking, a jira, sannan a ba ka 'yan mintoci kamar ana auna maka turare. Na sauko zaure a guje, na ɗauki kan wayar, ina jin muryar dattijo sai kawai na tsinci kaina a durƙushe a kan dardumar Baturiya. Ta leƙo ta gan ni, ta koma ɗakinta. Gaisuwa ta cinye rabin lokacin. Sauran rabin kuma layin ya ɗauki wata ƙara kamar ana soya ƙosai a cikin kunnena. Ga abin da na tsinta daga cikin man:

"…akori-kura… hanyar dajin nan ta lalace ƙwarai… taya huɗu… ran Juma'a, a masallacin nan naku… Ka ji ko?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

Ban ji ba. Amma yaya za a yi mutumin da ke neman 'yarka ya fara da sa ka maimaita magana? Balle mutumin da gwamnati ke biya don ya saurari Hausa. Kafin in yi wani tunani layin ya mutu.

Na zauna na haɗa guntayen kamar yadda aka koya mana a aji, sai ga ma'ana ta fito fes. Alhaji yana da akori-kura, 'yar motar nan ta ɗaukar kaya, hanyar ƙauyukan da yake sayen auduga ta ci masa tayoyi, yana son huɗu na Ingila masu ƙarko, kuma ran Juma'a wani matafiyi zai karɓa a masallacin Regent's Park. Babu abin mamaki a ciki. A can muke haɗuwa da masu komawa gida, a can ake ba da saƙo a karɓi saƙo.

Cikin mako guda na zama malamin taya. Na ajiye kundina, na shiga laburaren unguwa ina karanta mujallun motoci da irin natsuwar da ban taɓa ba nahawu ba. Na gano cewa tayar taɓo haƙoranta manya ne masu giɓi, don ta riƙa tofar da laka maimakon ta haɗiye. Ta yashi kuwa faɗi take so, da a rage mata iska. Na gano cewa gefen taya ne ƙaya da tsinin marmara suke fara hudawa, saboda haka a nemi mai ninki da yawa. Na yanke hukunci cewa dole a sami mai tub a ciki, domin mai facin bakin kasuwar Dandume ba ruwansa da sabon salo. Har na zana taswirar damina da rani, na auna wanne ya fi cin mota tsakanin caɓi da gargada.

Shagon da na je yana ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, ba nisa da gida. Mai shagon wani tsohon Bature ne da ya ce ya tuƙa motar soja a hamada lokacin yaƙi. Na yi masa lacca a kan jar ƙasa da baƙar laka, yana gyaɗa kai da jin daɗi, har ya fara kirana farfesa. Sai ya tambaye ni inci nawa ne ƙarfen ƙafar motar.

To, ni akori-kura na san ta, amma daga baya na san ta, inda ake zama a kan buhu da akuya a cinya. Na rufe ido na tuna yadda nake taka taya in hau, na ce tana kawo mini wajen gwiwa. Tsohon nan bai ko murmusa ba. Ya ɗauko tef ya durƙusa ya auna ni daga ƙasa zuwa gwiwa, ya yi 'yan lissafe-lissafensa, ya shiga ciki ya mirgino wata baƙar aba mai haƙora kamar na kada. Ina ganinta na ji ta kwanta mini. Kuɗin da na ware don kwat ɗin hunturu da shi aka biya.

Ran Alhamis na kira Balaraba a asibiti. Ban gaya mata komai ba, so nake ta ji labarin bajintata daga bakin mahaifinta.

"Baba ya ce ya ba ka saƙo. Ka shirya?"

"Tsaf."

"Ka yi haƙuri da shi fa, yana da nauyi."

"Na ɗaga na ji. Ba abin da zai gagara ba ne."

Ta yi dariya. "Kai dai da barkwanci. Ina za ka ajiye shi?"

"Bayan ƙofa, in jingina shi da bango. Wari ne kawai ke damun mai gida."

Ta ce Allah ya shirye ni, ana kiranta a ɗakin majinyata, ta ajiye waya.

Ran Juma'a na sa farar babbar rigata, wadda na taho da ita don Salla. Direban tasi ya dubi tayoyin, ya dube ni, ya ce shi dai ba zai taɓa ba. Na loda su da kaina, na zauna a tsakiyarsu kamar mai gadi. Kafin mu isa, rigar ta koma allon makaranta. A ƙofar masallaci na fara mirgina su bibbiyu, sai ɗaya ta ƙwace ta nufi titi, na bi ta da gudu ina dukanta da tafin hannu, irin garen da na rabu da shi tun ina aji biyu. Larabawa da 'yan Pakistan suna ta kaucewa cikin ladabi. Na dai jera su kusa da inda ake ajiye takalma, na shiga na yi salla, rabin zuciyata tana waje.

Bayan an sallame, mutanenmu suka taru a inda suka saba taruwa, ɗalibai da likitoci da ma'aikatan da aka turo kwas. Ni kuwa na tsaya gefen kayana, hannu ɗaya a kan ta sama, ina amsa tambayoyi. Wani ya ce ko na bar karatu na kama faci. Na ce saƙon manya ne, na ɗan yi masa bayani a kan ninkin gefe. Malam Inuwa, wani dattijo da ya fi mu duka daɗewa a Landan, ya danna haƙorin ɗaya da babban yatsa ya ce lalle wannan ko dutsen Kwatarkwashi za ta hau.

Can sai ga wani dogon mutum, mai kamar shekara talatin da wani abu, da akwati a hannu da 'yar rigar sanyi da ba ta san Landan ba. Fuskarsa a ɗaure, yana tambaya wane ne mai karatun harshe da ke zaune a Stratford.

"Ni ne," na ce, na matsa gaba. "Kai ne za ka tafi da saƙon Alhaji? Ga su nan. Ka gaya masa kada a cika musu iska in za a shiga yashi."

Ya dubi tayoyin. "In tafi ina? Da safen nan na sauka."

"Ba Alhaji na Funtuwa ba? Shi ya ce in kawo taya huɗu."

Ya ajiye akwatinsa a hankali. Ya ƙirga tayoyin da ido, daga ƙasa zuwa sama.

"Sunana Hudu," ya ce.

Na tsaya cak. Na ji kalmomin nan biyu suna juyawa a kaina, suna gyara zama. Ka taya Hudu. Ka taimaka masa ya sami masauki, ka nuna masa gari. Kalmomi biyu tak, na yi kuskure a kowacce: a ta farko na ja wasalin da ba a ja ba, a ta biyu na sa wa "d" ƙugiyar da ba ta da ita. Babi na biyu da babi na uku na kundina ke nan, cif. Shi kuwa Hudu wan Balaraba ne, wanda shekara guda ina jin labarinsa da sunan "Yaya", domin ba ta taɓa kama sunansa ba. Kwas ɗin aikin gona ya kawo shi, tare da umurnin ya dube ni da kyau ya kai rahoto.

Malam Inuwa ne ya fara magana.

"Ɗana, ka gode wa Allah," ya ce. "Da Hamisu Alhaji ya turo, da taya hamsin ke nan, sai ka yi hayar tirela."

Ban taɓa ganin mutane sun yi dariya irin ta ranar ba. Wani likita sai da ya dafa bango. Hudu kaɗai ne bai yi ba, kuma wannan ya fi tsorata ni. Muka shiga tasi, shi da akwatinsa, ni da tayoyina. Sai da muka wuce wajen King's Cross ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Wai ni ne za a jingina bayan ƙofa?" Ashe ya kira ƙanwarsa daga filin jirgi. Daga nan ya kifa kai a kan taya, kafaɗunsa suna rawa don dariya har Stratford.

Na bar masa gadona, na shimfiɗa katifa a ƙasa. Tayoyin muka ɗora musu allo suka zama teburin cin abinci. Na kai shi ya yi rajista, na koya masa hawan tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na ara masa rigar sanyina ɗaya tilo. Balaraba kuwa kwana biyu ba ta iya yi mini magana ba, da ta buɗe baki sai dariya ta sarƙe ta, a ƙarshe ta ce, "Na ce kada ka ba ni kunya, sai ka ɗauko ta a tasi." Na riga na sallama. A raina na fara tsara yadda zan ƙarasa rayuwata a gwauro, ina koyar da wasula.

Lahadi ta zagayo, Alhaji ya sake kira. Hudu ya ɗauka, ni ina tsaye a matakala kamar mai jiran alƙali. Ya ba da labarin tiryan-tiryan, bai rage ko garen ba. Daga inda nake ina jiyo dariyar dattijon tana ratso ƙarar ƙosai. Sai Hudu ya miƙo mini wayar. Na durƙusa.

"Kai ne mai tayoyin?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Na daɗe ina aiken 'yan boko. Kowanne yana jin abin da na ce sarai, sai ya ƙi yi. Kai ba ka ji ba, amma ka yi. Ka turo magabatanka."

Layin ya yi ƙara daidai kan kalmar ƙarshe. Na tattara duk ƙarfin halin da ya rage mini, na ce, "Na'am, ranka ya daɗe? A maimaita mini."

Ya maimaita, har sau biyu, yana rarrabe gaɓoɓin kamar mai koya wa Bature.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake fara gaya wa ɗalibaina kafin mu taɓa wasali: in ba ka ji ba, ka ce "na'am?" Kalma ce mai araha, ba ta da nauyi, ba ta ɓata farar riga. Kundin nan na gama shi, har aka yaba da babi na uku. Tayoyin kuwa ta jirgin ruwa suka bi mu gida bayan biki, na kai su Funtuwa da kaina, na sauke a ƙofar gidan surukina da 'yar ragowar alfaharina, na tambaya ina motar take.

Alhaji bai taɓa mallakar akori-kura ba. Ranar da ya kira ni, rage masa hanya aka yi a cikin ta wani.