Bidiyon da Na Adana wa Alhaji

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Gwaram ba, ranar da aka tara dattawa a falo na kunna musu abin kunyata da hannuna.

A lokacin ina koyar da kwamfuta a wata makarantar kuɗi a Birnin Kudu, kuma ina neman Zulai, 'yar wani Alhaji mai sayar da hatsi a Gwaram. Magana ba ta je gaban manya ba tukuna, don haka duk hidimar da za ta ɗaga darajata a idon Alhaji, ni ne kan gaba. Da aka yi bikin babban ɗansa, mai hoto ya kawo bidiyon a filashi. Alhaji ya jujjuya shi ya ce irin wannan ɗan mitsitsin abu ai ɓata yake yi. Kafin ya rufe baki na ce a bar mini, zan ɗora shi a saba, wato babbar kwamfutar wani kamfani da ke ajiye wa mutane kaya ta intanet.

"To Injiniya," in ji shi (haka yake kirana, ni kuma ban taɓa gyara masa ba), "mutumin da ba ka taɓa gani ba, ta yaya za ka san bai zubar ba, ko bai canza ba?"

Wayyo daɗi! A kan wannan tambayar na yi aikin kammala digiri, kuma tun da na gama babu mahaluƙin da ya tambaye ni. Na gyara zama. Na ce kafin in tura fayil, sai in yanka shi gunduwa-gunduwa, kowacce in lissafa mata tambari da wani mabuɗin sirri da ni kaɗai na sani. Ko ɗigo aka taɓa, tambarin ba zai dace ba. Duk lokacin da na ga dama sai in zaɓi wasu gunduwoyi, sabar ba ta san wanne zan tambaya ba, in ce ta kawo shaida. In ta zubar, ba ta da hanyar ƙirƙiro amsa, dole ta kamu.

"Kamar in soki buhu nan in soki can, ba sai an zazzage sito ba," in ji Alhaji.

"Shi ke nan, Baba!" na ce, har da tafi.

Daga nan na zama fitina. Kullum sai na gwada sabar, koriyar alamar da ke nuna komai lafiya ta fito, in ɗauki hotonta in tura wa Zulai ta nuna wa Alhaji. Har ta gaji ta ce, "Don Allah ka huta, Baba ya ce ya yarda." Tsabar amincewa da lissafina, na goge bidiyon daga laftof, filashin ma na share na zuba tambayoyin jarrabawar ɗalibai.

Sai yayan Alhaji ya zo daga Kano. Yana Umara aka yi bikin, ya ce yana so ya gani. Bayan la'asar falo ya cika: shi, Alhaji, limamin unguwa da aminai biyu, mata kuma suna leƙe ta bayan labule. Na haɗa laftof da talabijin. Maimakon in kunna kawai, sai da na yi ɗan jawabi (ni da baki!), na gwada sabar a gabansu, koriyar alama ta fito. Na ce, "Kun gani, abin da na miƙa shi ne zai dawo, ba ragi ba ƙari." Na sauke, na danna.

Ɗakina ne ya bayyana. Ga ni da singileti, hula a karkace, na durƙusa gaban kujerar roba da aka ɗora wa filo.

"Baba, na zo ne... a'a. Alhaji, dama cewa na yi ko zan turo manyana..."

Atisaye ne na ɗauka da waya, don in ga yadda zan yi ranar da zan tunkari Alhaji. Shi da bidiyon biki duk suna ɗaya na ba su, Gwaram, ashe shi na ɗora a saba. Da a nan ya tsaya ma da sauƙi. Sai ga ni a talabijin na miƙe, na ture filon na hau kujerar, na yi gyaran murya irin na Alhaji, ina kaɗa ƙafa yadda yake yi: "To Injiniya, kai da ko tuwonka ba ka iya riƙewa, za ka iya riƙe mace?"

Na daka tsalle zan cire wayar talabijin, na fizge ta fanka. Talabijin ya ci gaba da aikinsa. Liman ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa. Bayan labule kuwa wata har da faɗuwa. Yayan Alhaji yana share hawaye ya ce, "Bar shi, bar shi! Wallahi yaron nan ya iya ka!"

Alhaji bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, "Injiniya, shi ma wannan an tabbatar ba a canza komai ba?"

"Ba a canza ba, Baba."

"To madalla. Ina na bikin?"

Nan na tuna na goge shi daga laftof, filashin ma na share. Washegari da sassafe ina ƙofar shagon mai hoto a Birnin Kudu, ina addu'a. Allah ya sa bai goge nasa ba. Amma labari ya riga ni isowa, don sai da na kwaikwaya masa gyaran muryar Alhaji sannan ya ba ni.

Da na kai wa Alhaji, ya sa aka kunna ya kalla har ƙarshe, sannan ya ce, "Ka turo manyan naka. Amma su zo da riga."

Zulai tana gidana yanzu. Darasin da na koya kuwa ba a koyar da shi a jami'a: lissafi zai tabbatar maka mai ajiya bai ci amanarka ba, amma shirmen da ka miƙa masa, shi zai riƙe maka da gaskiya, ya dawo maka da shi a gaban surukai.